Azumin da Baƙar Fata Ya Tsaya Takara

Azumin bana ya zo mana da sauƙi a Jidda. Da safe iska tana kaɗowa daga teku, mutum ya taka daga gida zuwa wurin aiki bai jiƙa rigarsa ba. Ranar Talatar da ta wuce famfon gidan da nake haya a Sharafiyya ya ɗauke daga azahar zuwa bayan la'asar. Matata ta kira ni a waya har sau biyu, maƙwabcinmu mutumin Sudan ya sauko ƙasa yana neman lambar mai gida. Da na dawo na tsaya ina murɗa kan famfon yana fitar da iska, sai na ji maƙogwarona ya yi wata bushewa da ba ta wannan azumin ba ce. Ta wani azumi ce, kusan shekara ashirin baya, shekarar da baƙar fata ya tsaya takarar shugabancin Amurka har ya kai ga ci.

Lokacin ban fi wata takwas da zuwa ba. Daga Gusau aka ɗauko ni aikin gwajin jini a wani ƙaramin asibitin kuɗi, da kwantiragina, da iƙama, wato katin izinin zama, da kafilin da sunansa ke kan katin. Asibitin ya ba ni gado a wani ɗaki da muke mu shida. Kwana uku na yi na tattara jakata na koma unguwar Nuzla, wurin Gwaggo Habi, ƙanwar mahaifina. Ita ta zo aikin hajji tun ba a haife ni ba, ba ta koma ba. A nan ta auri Baba Sale mai tsire, a nan ta haifi ɗanta ɗaya da ya rayu, Haruna, wanda kowa ke kira Harun. Sa'ana ne, wata biyu kawai na ba shi.

Gidan ɗakuna tara ne kewaye da tsakar gida, kowane ɗaki da iyalinsa, Hausawan Najeriya da na Nijar. Mai gidan tsoho ne da ya daɗe da komawa arewacin gari, ba ya leƙowa. A cikin mutanen gidan kaf, manya da yara, ni kaɗai ke da kati. Harun a ɗakin uwarsa aka haife shi, a hannun ungozoma. Saudiyya ba ta san da shi ba, Najeriya ba ta san da shi ba. Wankin mota yake yi a bakin shaguna. Yana jin Hausa tsaf, amma in ya buɗe baki kalma uku ce sai ya zarce da Larabcin Jidda. Da yake taubasai ne mu, ba ma gaisawa sai da tsiya. Shi ya ce mini baƙauye, ni in ce masa mai tsamin baki. Gwaggo ba ta kama sunana, don sunan mahaifinta na ci, sai dai ta ce Babana. Sauran mutanen gida kuwa Dakta suke cewa, na gaji da gaya musu jini da fitsari kawai nake aunawa.

Zafin Jidda ba irin namu na gida ba ne, wanda in ka samu inuwa ka tsira. Nan zafi ne mai ruwa. Ka goge jikinka, kafin ka zura riga ka sake jiƙewa. Bango yana gumi. Gishiri ya dunƙule a kwano, ashana ta ƙi kamawa, kayan da aka shanya tun safe su kai la'asar da danshi suna tsami. A wannan shekarar azumi ya faɗo a wutsiyar bazara, lokacin da tekun ke huro wannan tururin ba dare ba rana. Ga shi shinkafa ta yi tashin da ba a saba gani ba. Gwaggo da ke sauke babban buhu ta koma sayen ƙaramar leda, ta koma yawaita kunu da shorbar alkama. Dabino daga masallaci yake zuwa mana. Ba a kwana da yunwa ba, amma ba wanda ya ƙoshi ya bar saura a kwano.

Aikin gidan a jere yake tafiya. Ana idar da asuba matan Nijar za su fita da tsofaffin kekunan tura jarirai, su bi bola suna tsintar kwali da gwangwani kafin rana ta ɗaga. Gwaggo ta soya gyaɗa, ta kai niƙa, ta matse mai, ta toya ƙuli. Sai dakan yaji, citta da masoro da kanumfari da barkono. Tana azumi ba halin ɗanɗanawa, da atishawa take aunawa, in ta yi uku a jere ta ce ya ji. Da hantsi Baba Sale ya dawo kasuwa da nama, a wanke, ya zauna da wuƙarsa yana yanka shi fale-fale. Bayan azahar duk wanda ke gida sai ya zo a zauna a kan tabarma ana soke nama a tsinke. La'asar na yi a hura gawayi. Ana shan ruwa Baba Sale ya fitar da teburinsa bakin titi. Larabawa na son tsirensa, siriye suke kiransa, wasu daga can arewacin gari suke tuƙowa a manyan motoci. Na lura da yawansu ba sa sauke gilashi fiye da faɗin tafin hannu. Ta nan kuɗi ke fitowa, ta nan tsire ke shiga.

Duk wannan aikin ruwa yake ci, ruwan kuwa shi ne babu. Bututun unguwa kan kawo ruwa jefi-jefi ya cika tankin ƙasa da ke tsakar gida, amma tun cikin Sha'aban bai sake ɗigowa ba. Gwaggo ce ke riƙe da mabuɗin murfin tankin. Kowane ɗaki bokiti biyu da safe, ɗaya da yamma. Ruwan alwala a tara shi a wanke kwano, na wanke kwano a kai banɗaki. A ƙarƙashin kowace tsohuwar na'urar sanyaya ɗaki akwai roba tana tarar ɗigon da take zubarwa, da shi ake wanke kayan yara. Na koyi wanka da buta ɗaya. Har yau in na ga ana wanke mota da tiyo a sake, raina sai ya ɓaci ban shirya ba.

Akwai talabijin a ɗakin Baba Sale, kuma tsakanin hura wuta da kiran magariba maza kan taru a bakin ƙofarsa. Labari ɗaya ne kullum a tashoshin Larabawa, na siririn mutumin nan baƙar fata mai neman mulkin Amurka. Mutanen gidanmu sun ɗauke shi nasu tun kafin ya san akwai wata unguwa wai ita Nuzla. Wanda ya fi kowa imani da shi Malam Idi ne, mutumin Damagaram, ɗan dako a kasuwar kayan miya, wanda matarsa Rabi ke da tsohon ciki a lokacin.

"In ya hau, Dakta, magana ɗaya zai yi wa mutanen nan," in ji shi. "Ya ce a ba baƙaƙe takarda. Wa ya isa ya musa wa Amurka?"

"Malam Idi, shugaban Amurka ba ya raba iƙama a Jidda."

"To me yake rabawa? In namu ya hau bai tuna da mu ba, hawan nasa na mene ne?"

Harun yana gefe yana fere tsinke. "Hada? Wannan?" ya ce, ya nuna talabijin da wuƙa. "Wata nawa yana magana. Kun taɓa jin ya tsaya ya ce baƙi na jin yunwa, baƙi ne kawai ake tsayarwa a hanya? Kullum maganar haɗin kai. Ana zaginsa yana murmushi. Wallahi kamar mai kawo shayi a otal."

Baba Sale ba mai yawan magana ba ne, amma ranar ya tanka. "In ya ɗaga murya sau ɗaya, Harun, sun gama da shi. Farin da suke karawa da shi in ya yi fushi a ce namiji ne. Shi in ya yi a ce ga halinsu nan ya fito."

"To sai ya yi shiru har ya mutu, ya abuya?"

Gwaggo ta leƙo da muciya a hannu, ta dubi fuskar da ke kan gilashin. "Ku dai ku dube shi. Yaron nan duk ya rame."

Ni dariya nake musu, ina ganin ni ne mai boko, na san yadda duniya ke tafiya. Abin da ban lura ba shi ne da an kashe talabijin idanun nan kaina suke juyowa. Dakta, duba mini takardar maganin nan. Dakta, ka yi wa kafilinka maganar ɗana. Dakta, makaranta ta ƙi karɓar yarinya, ka je ka ce 'yarka ce. In an yi rasuwa, Dakta ne zai je ya sa hannu. In na yi, an ce ai dama don haka Allah ya kawo shi. In na kasa, a bi ni da wani kallo, kamar ina da mabuɗin a aljihu na hana. Ba wanda ya taɓa tambayata yadda nake kwashewa da mai asibitin, wanda ke sa Bafilipine ya sake duba duk sakamakon da na rubuta, ba ya sa a duba na kowa.

Azumi na da kwana goma sha biyar Rabi ta haihu, 'ya mace. Kwana biyu bayan nan guga ya taɓa ƙasan tanki ya fito da laka. Mai jego kuwa sai da ruwan zafi safe da yamma, ga zazzaɓi ya kama ta, ɗakin yana wani irin wari da na sani daga asibiti kuma ban so ba. Baba Sale ya ajiye wuƙa, don ba ya sayar wa mutane naman da ba a wanke ba. Jarkokin da ake saya a shago na sha ne, ba za su riƙe gida mai ɗaki tara ba.

Hanya ɗaya ta rage, motar tanki da ake kira wayit. Ana samunta a wani babban fili da ake raba ruwa, a bi layi, a nuna kati a taga, a biya, a karɓi lamba, sannan mutum ya hau gaban motar ya nuna wa direba gida. A da ɗan mai gidan ke yi mana, sai ya yi tafiya. Ba a ma yi shawara ba. Aka haɗa kuɗin aka kawo mini a ƙulle a leda.

Gwaggo ta goge mini farar riga da kanta. "Babana, ka ji. Duk abin da aka ce maka, ka ce hadir, na ji na bi. Kada ka ɗaga murya, kada ka nuna wa kowa yatsa. In ka yi rigima ba za a ce Dakta ya yi ba, cewa za a yi Takari sun yi." Takari, ko Takruni a bakin Larabawa, shi ne sunan da ake kiran baƙaƙe irinmu a garin.

Harun ya tare ni a soro. "Kai baƙauye. In ka je ka faɗa musu akwai mutane a nan. Ka ce akwai mai jego. Kada ka je kana washe musu haƙora kamar mutumin Malam Idi."

Na isa filin gari bai gama wayewa ba, na tarar da mutane kamar an kwana a wurin. Layi biyu ne, na 'yan ƙasa da na 'yan waje. Na 'yan ƙasa yana ƙarƙashin rumfa. Namu ya miƙe cikin fili, Misirawa da Yamalawa da Pakistanawa da 'yan Bangaladash, baƙar fata ɗai-ɗai. Akwai motar jami'an tsaro a bakin ƙofa saboda faɗan da ake yawan yi. Kafin hantsi kwalta ta fara laushi a ƙarƙashin takalmi. Hayaƙin motocin yana shiga hanci ya zauna a maƙoshi. Ga ruwa nan yana tsiyaya daga gindin kowace mota yana bin ƙasa, kana kallo, kana azumi, harshenka ya manne da dasashi. Wani dattijo a gabana ya yanke jiki ya faɗi, aka ja shi inuwa, layi ya rufe gurbinsa. Saura mutum kamar ashirin in kai taga aka ce lambar yau ta ƙare.

Na shiga gida bayan la'asar hannu wofi, farar rigar ta koma ruwan ƙasa. Ba wanda ya ce mini sannu sai Gwaggo. Na ji wata mata daga bayan labule tana cewa ashe katin ma ado ne. Mai asibiti ya kira ya ce in na sake fashin aiki in nemi wani kafilin. Na ce masa hadir. Malam Idi ya zo ya tsuguna a ƙofar ɗakina, ya daɗe, ya tashi.

Washegari da zan fita na tarar da Harun ya sa takalmi.

"Ina za ka?"

"Yalla, mu je. In ga yadda masu kati ke tsayuwa."

"Akwai jami'ai a ƙofa, Harun. Ba ka da ko takardar haihuwa."

"Tsallaken titi zan tsaya. Wallah ba zan shigo ba."

Ranar na riga mutane da yawa. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na kai taga. Wani saurayi ne a ciki, bai kai ni shekaru ba, sanyin na'ura na fitowa ta tsakanin ƙarafan tagar yana taɓa mini fuska. Na miƙa kati da kuɗi, na yi sallama, na yi murmushi. Ya dubi katin, ya dube ni.

"Ina ne gidan?"

"Nuzla."

"Nuzla," ya maimaita. "Ku ne Takarna masu karɓar wayit kuna sayarwa a jarka. Tsaya gefe sai na bincika." Ya turo mini katin, ya yafito na bayana.

Na ce hadir. Na matsa gefe. Wannan ban taɓa ɓoye wa kowa ba, na matsa, kuma da murmushin a fuskata. Aka sallami mutum ɗaya, aka sallami na biyu, na uku. Ba abin da yake bincikawa. Na ga tarin lambobin da ke gabansa yana raguwa, na tuna warin ɗakin Rabi. Da na huɗu ya ɗaga ƙafa sai na riga shi. Na ajiye katina a kan dakalin tagar, na kama ƙarfen da hannu biyu.

"Ni ne a layi," na ce da gurgun Larabcina. "Jiya na tsaya, yau na tsaya. Ba ni lambata."

"Wahhir, ya Takruni. Matsa."

"Ba zan matsa ba."

Ban ɗaga murya ba. Ban nuna yatsa ba. Amma ƙarfen nan ko da za a sare hannun ba zan sake shi ba. Mai gadin wurin ya zo ya kama kafaɗata yana ja, na baya suka fara hayaniya, wasu na cewa in bar mutane su wuce, wasu na cewa a ba shi mana. Sai na ji muryar Harun a bayana, da Larabcin da ba ya bambanta da na saurayin da ke cikin tagar.

"Sake shi. Tun asubahin jiya yake nan, duk wanda ke layin nan ya gan shi. Kai kuma na ciki, Takruni ka ce? A garin nan aka haife ni kafin a haife ka. Tsiren ubana ka ci ka girma. Akwai mace ta haihu kwana huɗu ba ta yi wanka ba. Ruwan nan daga teku aka tace shi, nuna mini inda aka rubuta sunan gidanku a jikin teku."

Har na layin rumfa suka juyo. Ban taɓa jin an faɗi abin da ke cikina daidai haka ba, kuma ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba, don na hango jami'i ɗaya ya baro motarsu yana tahowa a hankali. Bai tambayi abin da ya faru ba. Ya tsaya gaban Harun ya miƙa hannu.

"Iƙama."

Harun ya buɗe tafukansa biyu, ya nuna masa babu. Jami'in ya kama hannunsa. Na saki ƙarfen da hannu ɗaya na juya, sai Harun ya dube ni ya yi magana da Hausa tsantsa, ba ko kalmar Larabci ɗaya, abin da ban taɓa ji daga bakinsa ba.

"Kada ka saki ƙarfen nan, taubashi. In ka biyo ni mun yi asara biyu."

Na mayar da hannuna. Ina jin takunsu har suka kai mota, na ji an rufe ƙofa, ban waiwaya ba. Wani tsoho daga layin 'yan ƙasa, da sanda a hannu, ya ce wa na cikin tagar, "Ba shi lambarsa, ya waladi, ɗana. Azumi ake yi." Saurayin ya yage lamba ya wurgo, ta faɗi ƙasa. Na ce ya ɗauko wata ya miƙo mini a hannu. Ban san inda na samo wannan ba. Ya dube ni, ya dubi tsohon, ya miƙo.

Direban Bapakistane ne, na yi ta nuna masa dama da hagu. Lungunmu ya yi wa motar kaɗan, sai da aka haɗa tiyo biyu. Mutanen gida suka fito da bokitai da tukwane, yara suna bin tiyon suna tarar inda yake yoyo. Ƙarar ruwa a cikin tankin da ya bushe wata irin ƙara ce, kamar ana buga ganga a cikin rijiya, sannan ta yi ta yin ƙasa-ƙasa yayin da yake cika. Gwaggo tana tsaye a bakin murfin da mabuɗi a hannu. Ta dubi bayana.

"Ina ɗan'uwanka?"

Na gaya mata a tsaye, duka, har matsawar da na yi gefe.

"Ya yi magana?"

"Ya yi."

"An ji shi?"

"Kowa ya ji, Gwaggo."

Ta gyaɗa kai. Ta juya ga matan da suka yi cirko-cirko. "Me kuke kallo? Ku ɗora wa Rabi tukunya." Sai da aka yi wa mai jego wanka, aka raba wa kowane ɗaki, ta kulle murfin, sannan ta shiga ɗakinta ta saki labule. Ba ta sha ruwa tare da mu ba ranar.

Na yi zirga-zirgar da zan iya. Na je inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasashensu, sau ɗaya aka bari na gan shi ta bayan waya. Na roƙi kafilina, ya ce shi bai ɗauko ni don in kawo masa matsalar Takari ba. Aka yi sallah babu Harun. Rabi ta warke. Baba Sale ya koma teburinsa, ni nake fere masa tsinke in na taso aiki, ba ya mini maganar, ni ma ba na yi masa. Bayan sati biyar aka sa Harun a jirgi zuwa Kano. Mahaifina ya je ya tarbe shi ya kai shi Gusau, mutum mai shekara talatin da bai taɓa ganin gonar gero ba.

Magana ta zaga Nuzla har unguwar Sa'alaba, cewa mai kati ya sayar da ɗan'uwansa da mota ɗaya ta ruwa. Waɗanda suka yi wanka da ruwan suna cikin masu faɗa. Yau an rushe wannan gidan da lungun gaba ɗaya, Gwaggo da Baba Sale suna kwance a maƙabartar garin da bai taɓa rubuta sunansu ba, mutanen gidan sun watse, amma har yanzu in na je ɗaurin aure nakan ga wanda ke nuna ni da baki. Ban taɓa ba kowa haƙuri ba, kuma ba zan bayar ba. Da na yi shiru sun ce na ji tsoro, da na yi magana sun ce na jawo. Wanda ya ce in matsa gefe ba wanda ya bi shi da zagi, ba a ma san sunansa ba. Shi ya sa ko a 'yan shekarun nan da wata baƙar mace ta tsaya irin wannan takarar, abokan aikina 'yan Najeriya suna ta tambayar me za ta yi wa baƙar fata, na ce tambaya ce mai kyau, talaka yana da hakkin yinta. Amma ku kai ta teburin fararen ma, su da suka yi shekara da shekaru a kan kujerar ba wanda ya tsare su da ita.

Sakamakon zaɓen da safe ya iske mu, tsakanin sallah da hajji, zafi ya ɗan sassauta. Baba Sale ya fito da talabijin tsakar gida. Da aka nuna siririn mutumin nan ya fito da matarsa da 'ya'yansa, baƙaƙe kamar mu, matan Nijar suka rangaɗa guɗa. Ni ma sai da idona ya kawo ruwa, ba zan yi ƙarya ba. Malam Idi yana rungume da jaririyarsa yana share fuska da hula. Ya juyo wurina.

"To Dakta, yanzu sai a dawo mana da Harun. Ka rubuta masa da Turanci."

"Ba zai dawo da shi ba, Malam Idi. Bai san da shi ba. Ni ma ba zan iya dawo da shi ba, ba zan iya samo wa kowa kati ba, kuma ni ba likita ba ne. Layin ruwa na iya. Duk ranar da tanki ya ƙafe zan je."

Wani ya fara gunaguni, Gwaggo ta katse shi daga bakin turmi. "Ku ƙyale ɗan mutane ya sha iska, da na cikin akwatin talabijin da na tsakar gida. Kowa ya ɗora musu kayansa, wa ya tambaye su nasu?"

Da hantsi na kira wayar mahaifina na ce a ba Harun.

"Mutuminka ya ci," na ce.

"Na gani, baƙauye. Nan ma sai murna suke kamar kawunsu ne. Ya ambace mu?"

"Ban ji ba."

Ya yi dariya. "Halas. Ya Ummi? Tana cin abinci?"

"Tana ci. Kai fa, ya garin?"

"Ka san abin da suke kirana a nan? Balarabe. Shekara talatin ina Takruni, kwana goma na zama Balarabe. Kullum da safe sai na tarar da mutane a ƙofar gidan Kawu, kowa da fasfo a hannu. Wai tunda daga Saudiyya nake, in yi musu hanyar Makka."

"Me ka ce musu?"

"Na ce su bi layi."